Lambar Gudrun

Einbeck, Satumba 2002

'Yata Frauke,

Gaisuwa mai yawa daga kawunki. Ina fata kina lafiya, kuma sanyin Hammerfest bai fara shiga ƙashinki ba. Ni lafiya lau, sai gwiwar hagu da ke sanar da ni za a yi ruwa tun kafin mutanen rediyo su sani. Kunnen yana nan yadda kika bar shi, saboda haka ki ci gaba da rubuto mini, a takarda ba na rasa ko kalma ɗaya. Itacen tuffa na bayan gida ya yi 'ya'ya har reshe ya karye. Tun rasuwar matata Renate babu mai yin kek da su, sai maƙwabta nake bi da kwando.

Dalilin wasiƙar nan Berta ce. Kin san ta, baƙin kan jirgin ƙasa na wasan nan mai jajayen ƙafafu da kakanki ya saya mana ni da mahaifiyarki muna yara. Tun da ƙungiyarmu ta fara baje kolin ƙananan jiragen ƙasa a zauren coci kafin Kirsimeti, ba shekarar da Berta ba ta ja taragu ba. To bana Kruse, shugabanmu, ya zo da sabon tsari. An daina tuƙi irin na da, inda kake ƙara wuta a layin dogo duk abin da ke kai ya ruga. Yanzu kowane kan jirgi sai an sa masa wata 'yar ƙwaƙwalwa a ciki, ba ta kai farcen babban yatsa ba, a kuma ba shi lambarsa. Ka danna lambar a na'urar hannu, shi kaɗai zai amsa.

Na sayo guda uku, na zauna a ɗakin ƙasa da gilashin ƙara girma, na liƙa wa Berta da sauran jiragena biyu, Irma da Lotte. Da na gama na jera su a tasha, na ce bari in fara ba Berta lamba 12. Na bi takardar da ta zo da kayan, na danna, na murɗa. Sai su ukun suka tashi tare. Irma ta bar taragunta ta yi gaba, Lotte ta shige ramin dutse, Berta kuwa ta yo baya da ƙarfi ta same ta a can ciki. Taragon shanu ya kife. Saniya ɗaya har yau ban gan ta ba.

Na kai kuka wajen Kruse. Ya ce, "Detlef, ni ba ni da lokacin tsofaffin ƙarafa. In ba ta natsu ba kafin gwajin Nuwamba, sai mu sa ta a akwatin gilashi mutane su kalla." Na ce masa ai kai ma ka kusa isa a sa ka a ciki. Ya yi dariya, amma na san da gaske yake.

Ke ce mai gyaran na'urorin manyan jiragen ruwa. Ki taimaki tsoho da ƙaraminsa na ƙasa.

Kawunki,
Detlef


Hammerfest, ƙarshen Satumba

Kawu,

Na samu wasiƙarka, na ji daɗi ƙwarai. Ina lafiya, aiki ya yi yawa don jiragen kamun kifi duk suna so a duba musu rediyo kafin duhun hunturu. Ka riƙa sa wa gwiwar nan ɗumi. Maganar kunne kuwa ba zan gaji ba: ka je a gwada maka na'urar ji. Abokin aikina yana da ita, sai ka matso sosai kafin ka gan ta.

Na karanta labarin hatsarin a wurin cin abinci, na yi dariya har gahawa ta sarƙe ni. Allah ya bayyana saniyar. Ka leƙa ƙarƙashin dutsen ta ƙofar baya, can nake samun abin da ya ɓace sa'ad da nake ƙarama.

Ba ka lalata komai ba. Abin da ya faru shi ne, ka bar su duka a kan layi lokacin da kake ba da lamba. Kamar ka shiga aji ne ka ce, "Daga yau sunanki Berta," ba ka nuna kowa ba. Duk ɗaliban sun karɓa. Yanzu Irma da Lotte ma sun ɗauka su ne 12.

Ga gyaran. Ka samu guntun layi da bai haɗu da sauran ba, ka jona shi da wayoyi biyun nan na bayan na'urar. Ka riƙa ɗora su a kai ɗaya bayan ɗaya. A cikin kowace ƙwaƙwalwa akwai gurabe masu lamba, kamar akwatunan gidan waya, kowanne da abin da ake ajiyewa a ciki. Gurbi na 1 shi ne na suna. Ka buɗe shi, ka rubuta wa kowacce tata lambar, ka sauke ta kafin ka ɗora ta gaba. In ka ga ta ɗan zabura kaɗan, ta karɓa ke nan.

Ka gaya wa Malam Kruse na ce Berta ta girme shi a ƙungiyar nan, ya riƙa gaishe ta.

'Yarka,
Frauke


Einbeck, Oktoba

'Yata Frauke,

Ina gaishe ki. Lafiya lau nake, na yi ɗan mura amma ta wuce. Na kwashe dankalin lambu kafin sanyi ya kama ƙasa. Saniya ta bayyana daidai inda kika ce, ƙafa uku gare ta yanzu, na jingina ta da shinge.

Allah ya yi miki albarka. Irma ta san sunanta, Lotte ta san nata. Na yi ta kiransu ɗaya bayan ɗaya kamar mai sabon abin wasa, har miyata ta ƙone a kan murhu.

Saura Berta. Tana amsa lambarta, amma in na ce gaba sai ta yi baya, har da kunna fitilar bayanta, don in san da gangan take. In na ce baya ta yi gaba. Ranar hatsari na ɗauka ruɗani ne ya sa ta haka, ashe halinta ne. Ni zan iya haƙuri da ita, in riƙa faɗin akasin abin da nake so, ai na yi zama da mahaifiyarki. Amma a baje koli kowa yana karɓar tuƙi, kuma Kruse ba zai yarda ba.

Akwai wata magana kuma, ban san yadda zan fara ba. Maganar Gudrun ce. Na same ta a kasuwar tsofaffin jirage ta Northeim ranar Asabar da ta wuce. Ta manyanta, amma da kyanta, kuma tana da murya, har ni kurma ina jinta sarai. Tun ranar nake tunaninta. Lambarta ce ta ɓace mini. Na gwada duk wadda nake zato, ba ta amsa ba. Ban gaya wa kowa a ƙungiya ba, don sai su mai da ni abin dariya. Ke me kika gani?

Kawunki,
Detlef


A cikin jirgin ruwa, Oktoba

Kawu,

Ka yi haƙuri da rubutun, jirgin yana rawa da ni. An tura ni rakiyar wani jirgin bincike zuwa can arewa, don na'urorinsa ba su gama warkewa ba. Zan ba wani ma'aikaci da zai sauka a tashar ƙarshe ya jefa wannan a akwati. Bayan nan sai mun dawo, watakila ƙarshen Nuwamba. Lafiyata ƙalau, ban yi amai ba tukuna. Na ji daɗi murar ta sake ka.

Berta ba taurin kai take yi ba, wayoyinta ka musanya wajen liƙawa. Kada ka sake buɗe ta, hannunka ya huta. Ka ɗora ta a guntun layin, ka buɗe gurbi na 29, ka rubuta 7. Shi ke nan, gabanta zai koma gaba.

Game da Gudrun kuwa, ashe ka ƙara wata ba labari. Barka. Kada ka wahalar da kanka da cankar lamba. Ka ware ta ita kaɗai a guntun layin, ka tambayi gurbi na 1, da kanta za ta faɗa maka. In ta ƙi magana, datti ne. Ka kifa ta, ka goge mata ƙafafu da tsumma da sifirit. In har ta ci gaba da gardama, ka rubuta 8 a gurbi na 8. Wannan zai shafe duk abin da mai ita na da ya cusa mata a kai, ta dawo kamar sabuwa. Sai dai ka yi hattara da irin waɗannan da ake samu a kasuwa, Kawu. Wasu waje kyau, ciki a ƙone. Ka shinshina ta. In ka ji ƙauri, ka mayar da ita inda ka samo ta. A shekarunka, jirage uku sun ishe ka wahala.

Ana kirana. Allah ya ba da sa'a a gwaji.

'Yarka,
Frauke


Einbeck, farkon Nuwamba

Frauke,

Ina fata teku ta yi muku sauƙi. Ni ina nan. Gwiwa ta matsa mini kwanakin nan, ruwa ba ya tsayawa.

Na rubuta 1 a gurbi na 29 kamar yadda kika ce. Yanzu Berta tana yin gaba in an ce gaba. Amma fitilarta ta haukace. Na murɗa kaɗan ta kama, na ƙara kaɗan ta mutu, na ƙara ta kama. Haka take zagaya teburin tana ƙyafta ido kamar mai kiran 'yan kwana-kwana. Na canza ƙwan fitilar, duk ɗaya. Gwaji ya matso, na kuma ga Kruse ya goge akwatin gilashinsa.

Ɗaya maganar kuma na karanta ta, na ajiye, na sake karantawa. Na san bakinki, irin na mahaifiyarki ne, ba kwa faɗin magana kai tsaye sai kun naɗe ta cikin wasa. Na gane saƙon. Kina ganin tsoho irina ya tsaya ga jiragensa, kada ya je ya kwaso wa kansa abin kunya a kasuwa. Watakila kina da gaskiya. Watakila kuma kina tuna Renate ne, don na san yadda kuka shaƙu. Ni ma ban manta da ita ba, ko yini ɗaya. Amma gidan nan ya yi shiru da yawa, Frauke, har ga wanda ba ya ji.

Na daina neman lambar. Abin da ban so ba shi ne maganar shinshinawa. Ba ki san baiwar Allahn nan ba, ba ta yi miki komai ba.

Na san ba za ki ga wannan ba sai kin sauka. Ba fushi nake ba.

Kawunki,
Detlef


Einbeck, Nuwamba

'Yata Frauke,

Ina gaishe ki, ina kuma roƙonki: in wasiƙata ta farkon wata tana hannunki ba ki buɗe ba, ki kunna murhu da ita. In kin riga kin karanta, ki yafe wa kawunki. Lafiyata ƙalau, gwiwar ma na manta da ita.

Ranar Asabar aka yi gwaji a zauren coci. Na ɗora Berta, ta tashi tana ƙyafce-ƙyafcenta. 'Yan ƙungiya suka zuba mata ido. Kruse ya harɗe hannuwa ya ce, "Detlef, ka gani da idonka." Na ciro wasiƙarki daga aljihu ina sake dubawa ko na tsallake wani abu. Sai na ji murya a bayana, tana kirana tar, kamar an buɗe mini kunne.

"Malam Lindner, wayar gidana lafiyarta ƙalau. Na sa an duba."

Gudrun ce, mutum, da jar hula da kwali a hannu. Bari in gaya miki abin da ya kamata in rubuta tun farko. Tana yin ƙananan gidaje da itatuwa da mutane na kan teburin jirgi, tana sayarwa a kasuwa. Mijinta ya daɗe da rasuwa. A kan rumfarta sunanta na fari kawai ta rubuta, shi ya sa ban same ta a littafin waya ba. Ranar da muka haɗu mun sha gahawa, na cika ta da labarin Berta, ta faɗa mini lambarta cikin hayaniya, na rubuta abin da kunnena ya ba ni.

Na ce mata, "Na kira, wallahi. Sau ɗaya likitan haƙori ya ɗauka, sau ɗaya wani mai sayar da taya ya zage ni."

Ta ce, "Ka kyauta da ka gwada. Ni kuma na gaji da jira, na tuna ka ce yau ne gwajinku. Wannan ce Bertar? Me ya samu idonta?"

Na nuna mata layin da kika rubuta. Ta karɓi takardar, ko tabarau ba ta sa ba, mace ce da ke zana gira a fuskar mutumin da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ta ce, "Me ka rubuta mata?" Na ce ɗaya. Ta ce, "Wannan ai bakwai ne, an dai manta ba a ja masa ɗamara a tsakiya ba."

Kafin in ce wani abu idonta ya sauka ƙasa, ta ga sunanta. Na miƙa hannu, ta juya mini baya. Ta shiga karantawa da ƙarfi, da muryar nan tata, a gaban kowa. Da ta kai wajen kifawa da goge ƙafafu, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta kai wajen shinshinawa ta tsaya. Kafaɗunta suka fara rawa. Na ce shi ke nan, na sa ta kuka.

Ashe dariya ce. Sai da ta zauna a kan kujera tana share hawaye. Ta ce, "Malam Lindner, me ka rubuta wa yarinyar nan a kaina?"

Na faɗa mata, kalma da kalma.

Ta ce, "Ka ce mata ni mace ce?"

Na tsaya ina tunani. Ban ce ba.

"Mutumin da ke da Berta da Irma da Lotte a ɗakin ƙasa ya rubuta cewa ya samo Gudrun a kasuwar jirage. Me kake so ta ɗauka? Yarinyar nan shawara ta ba ka tsakani da Allah." Sai ta miƙo mini wuyan hannunta ta ce, "Bismilla, shinshina, ka ji ko na ƙone."

Zauren ya kece. Kruse har da dafa teburi, ya kusa kayar da gadarmu. Ni kuwa kunya biyu ta rufe ni, tata da taki.

Muka ɗora Berta a guntun layi, Gudrun na karanta mini, ina dannawa. Na rubuta 7. Berta ta ɗan zabura. Na mayar da ita babban layi na murɗa a hankali. Ta tashi gaba, fitila tsaye cak, ta ja taragu shida ta haye gada ba ko tangarɗa. Kruse ya ce, "To, ita za ta buɗe baje koli." Bai kalle ni ba da ya faɗa.

Na raka Gudrun tashar jirgi. Ta rubuta mini lambar da hannunta a bayan wasiƙarki, manya-manya. Ta kuma ce in daina ce mata Malama, ita ma ta daina ce mini Malam Lindner. Jiya ta zo ta kwashi tuffa, ta ce za ta ga abin da za a iya yi da su.

Kawunki,
Detlef


Hammerfest, ƙarshen Nuwamba

Kawu,

Mun sauka lafiya. Rana ta daina fitowa a nan, amma ina ƙalau, na ƙara ƙiba ma, mai dafa abincin jirgin ba ya jin "ya isa". Ina fata gwiwar ta ci gaba da mantuwa.

Na tarar da wasiƙunka biyu a ƙofa, kuma da yake ni mai bin tsari ce, ta farkon na fara buɗewa. Na karanta ta a tsaye da jakata a kafaɗa. Da na gane Gudrun mutum ce, sai na zauna a kan matakala. Na yi ta tuno abin da na rubuta, layi bayan layi, kowanne ya fi na baya muni. Na yi kuka, Kawu, don na ga wurin da ka ce gidan ya yi shiru. Har na fara tunanin jirgin da zan hau in zo. Sannan na buɗe ta biyun. Maƙwabciyata ta leƙo ta ga mace zaune a matakala tana kuka tana dariya, ta koma ta rufe ƙofa.

Ban taɓa tunanin hana ka ba. Inna Renate da kanta ta sha ce mini tana tsoron ranar da za ta bar ka da jirage kaɗai, don ba sa cewa ka ci abinci. Da na san mace ce, da na ce ka koma kasuwar nan ka tsaya a bakin ƙofa har sai ta zo.

Laifin bakwai ɗin nawa ne, igiyar ruwa ta ture mini hannu. Da ka rubuta 1, ka gyara gaba da baya, amma ka sa Berta tana ƙirga saurinta da tsohon lissafi, na'urar hannunka kuma da sabo, shi ya sa fitilar ta rikice. Yanzu kada ka ƙara taɓa gurbin nan.

Wannan sashen na Malama Gudrun ne, ka ba ta ta karanta da kanta. Ranki ya daɗe, ina neman afuwa. Ban taɓa ba da shawarar a kifa mutum ba sai a kanki. Na gode da kika je zauren nan. Ina roƙon alfarma ɗaya: ki ja shi zuwa wajen likitan kunne, ni na kasa.

Ba zan samu hutu ba sai bazara. Ku rubuto mini yadda baje kolin ya kasance, kada ku rage komai.

'Yarka,
Frauke


Einbeck, Disamba

Frauke,

Gudrun ce. Ina gaishe ki, ina fata duhun can bai dame ki ba. Ni lafiya lau, kawunki ma haka. Afuwar da kika nema babu laifin da za a yafe. Wasiƙarki ta cikin jirgi na karɓe ta bayan ya kwafe lambata, tana jakata, duk ƙawar da ta zo shan gahawa sai na karanta mata. Likitan kunne ya ba mu rana a Janairu, na ce "mu" don ni zan kai shi. Ki bar "ranki ya daɗe" ɗin nan, Gudrun ya isa.

Shi ya kamata ya rubuto miki, amma ya fara sau biyu yana yagawa, sai ya turo mini takardar ya ce ni na fi iya faɗi.

Ranar Lahadi zaure ya cika har ƙofa. Matan coci suna soya waina a baya, yara sun hau kan benci don su hango. Na kawo ƙauye guda na kafa musu a gefen gada, da coci da gidan burodi da mutane a dandamalin tasha. Kruse ya sa hular shugaban tasha, ya riƙe abin magana na lasifika yana sanar da tashin kowane jirgi. Ya ce, "Jirgin farko zai tashi, Berta ce a gaba." Kawunki ya murɗa. Ta fito daga rumfarta a hankali, fitila na haske, ta bi ta cikin ƙauyena. Wani tsoho kusa da ni ya ce shi tun yana saurayi yake zuwa ganin wannan baƙar. Na kalli Detlef, na ga idonsa yana kanta.

Ana cikin haka ya sunkuyo wajen kunnena. Kin san shi, a ganinsa raɗa yake yi. Ya ce, da muryar da ta kai har wajen masu waina, "Gudrun, ni ba yaro ba ne, ke ma haka, ba mu da lokacin ɓatawa. Za ki aure ni?"

Zauren ya yi tsit, sai ƙarar ƙafafun Berta a kan layi. Ni da ba a taɓa cewa muryata ta yi ƙasa ba, ranar ta maƙale. Na ce, "Na yarda," a hankali.

Ya kanga hannu a kunne ya ce, "Na'am?"

Na sake faɗa. Ya dube ni, fuskarsa ta fara faɗuwa, ya ɗauka wani uzuri nake kawowa. Sai Kruse ya gyara hularsa, ya ɗaga abin maganar ya ce, da muryar sanarwa, "Saƙo ga fasinja Detlef Lindner. Ta ce ta yarda. Ina maimaitawa, ta yarda."

Wannan kam ya ji. Mutane suka hau tafi, wata mata da ban sani ba ta rungume ni da man waina a hannunta. Shi kuwa ya saki na'urar a kan teburi ya kama hannuwana biyu. Berta ta yi ta zagaye tana wuce tasha ba mai tsayar da ita, Irma na jira a layin gefe, har sai da Kruse ya zo da kansa ya karɓi tuƙin. Daga baya na ji yana gaya wa wani cewa bai taɓa riƙe kan jirgi mai laushin tafiya irin wannan ba.

Mun tsayar da watan Mayu, in ya dace da hutunki. In bai dace ba za mu matsa, don ke muke so ki tsaya mana shaida. Ni Allah bai ba ni haihuwa ba, kuma ban iya zama uwar kowa ba, amma na iya dafa abinci, na kuma iya sauraro. Ki rubuto mini abin da kike so ki tarar a kan teburi ranar da za ki iso.

Yana nan kusa da ni yanzu yana feraye dankali, yana rera wata tsohuwar waƙa. Bai san da ƙarfi yake yi ba, maƙwabta ma na ji. Ban gaya masa ba.

Taki,
Gudrun